Lissafin Caji a Ƙasar Ƙanƙara

A Kilomita Biyar aka haife ni, kusa da babban masallacin Bangui. Can wutar lantarki baƙuwa ce. Daga madatsar Boali take zuwa, ta yi 'yan awoyi, ta tafi ba sallama.

Rikicin 2014 ya fitar da mu. Na bi ta Kamaru, yau ina Montreal ta Kanada ina haya da mota mai batir, da ita nake aika wa Inna kuɗin cefane.

Sanyi yana cin caji. A Janairu, in ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, nisan da batir ke kai ni da bazara sai ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Motar fetur zafin inji take hura maka kyauta. Wannan kuwa, duk ɗumin da ka ji daga tafiyarka aka yanko shi. Shi ya sa nake ɗumama ta da asuba tun tana jone, in bar rigar sanyi a jikina. Amma fasinja na shiga dole in kunna masa hita, ai ba a ce wa baƙo ya daure. Tayar ƙanƙara kuma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, ita ma da nata rabon.

Shekaranjiya da dare wani ya nemi in kai shi birnin Kebek, wajen kilomita 250, ƙanƙara na zuba. Kuɗin ya isa cefanen Inna na mako biyu. Na duba allo, caji bai kai rabi ba. Na ba shi haƙuri.