Amsoshin da Muka Haddace, da Abubuwan da Suka Shuɗe



Kacici-kacici ba baƙon abu ba ne a tarbiyyarmu, domin tun kafin a buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a nan Kaduna cikin 1962, tun kafin a fara jera ɗalibai gaban alƙali da agogo da ƙararrawa, yara suna yin sa a dandali da farin wata, wanda amsa ta gagara kuwa sai ya ba da gari kafin a warware masa. Malamai ma suna da nasu, wanda suke kira lugzu. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya na Madina, ya tara mas'alolin fiƙihu masu ɗaure kai cikin Durratul Gawwas, Imamul Buhari kuma ya ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce misalin Musulmi, hankulansu suka tafi ga itatuwan daji, alhali dabino ake nufi. Saboda haka ba na cikin masu ɗaukar wannan wasa shiririta.

Sai dai akwai abin da na lura da shi a majalisun Unguwar Rimi, inda yanzu bayan sallar Isha'i za ka tarar da matashi ya jingina da teburin mai shayi, waya a hannu, yana karanto tambayoyi, manya da yara suna rige-rigen amsawa, wanda ya faɗi ya biya kuɗin shayin wanda ya ci. Muddin ana yawo a duniya, ana tambayar tsaunin da ya fi tsawo da tekun da ya fi faɗi, raha ake yi. Amma da zarar tambaya ta komo gida, sai ka iske mafi yawan amsoshin sunayen abubuwa ne da suka riga suka kwanta dama.

Ɗauki sha'anin jiragen sama. An tambaya, yaushe jirgi ya fara sauka a Kano? An amsa, 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Daidai ne, amma ba wanda ya tsaya ya ce hanyar da suka biyo, ta Sudan da Chadi, ita ce kusan hanyar da kakanninmu suka yi ta bi a ƙasa, wata da watanni, wasu shekara da shekaru, zuwa aikin Hajji, kuma ita ce aka sake bi a Yaƙin Duniya na Biyu ana kai jirage daga Takoradi zuwa Masar ta Kano. An tambaya, wane kamfani ne tambarinsa giwa mai fukafukai? Dattawa suka amsa baki ɗaya, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958. Nan tambaya ta tsaya, alhali nan ne ilmi yake farawa: ta yaya kamfanin da ya taɓa mallakar jirage wajen talatin, yana jigilar alhazai, yana zuwa Landan da Jidda, bashi da rashin riƙon amana suka cinye shi har aka rufe shi a 2003, tsofaffin ma'aikatansa kuwa suka yi ta jiran haƙƙinsu, wasu har Allah Ya karɓi abinSa kafin a biya wani kaso a 2018? Haka Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano, haka Chanchangi, wanda hedkwatarsa ma a garin nan take a da. Yaron da ya ci maki da sunayensu bai taɓa ganin ɗayansu a sama ba.

Jaridu ma haka. Kowa ya san Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya cikin Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, New Nigerian kuma a Kaduna ranar 1 ga Janairu 1966, makonni biyu kafin a kashe Sardauna. Amma je wurin mai sayar da jarida ka nemi ta yau. Mujallar Fim, da Malam Ibrahim Sheme ya kafa a Kaduna cikin 1999, ta fi yawancin takwarorinta tsawon rai, ita kuwa ba a cika tambayarta ba, wataƙila don masu tsara tambaya sun fi girmama mamaci.

Inda na fi jin takaici shi ne ilmin ƙasa. Matashin da ya kawo sunan babban birnin Ostireliya ba tare da inda-inda ba, da aka tambaye shi ina Kogin Kaduna ya nufa, kogin da idan damina ta yi ƙarfi yake shigowa gidajen bakin unguwa, sai ya yi shiru. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa garinmu, ya juya injinan madatsar Shiroro da ke ba mu wani kaso na wutar da yake cajin wayarsa da ita, sa'an nan ya faɗa Kwara daura da Pategi. Gadar ƙarfen nan ta Ƙofar Gamji ma daga Zungeru aka ɗauko ta, garin da yake bakin wannan kogin, wanda Gwamna Lugga ya baro ya mai da hedkwata nan a 1917.

Ni dai shawarata ga masu tsara waɗannan tambayoyi, kowace "yaushe" a bi ta da "don me", kowace "wane ne" a bi ta da "ina ya ƙare", a kuma ninka makin ta biyun. Amsoshin irin waɗannan ba kasafai waya take da su ba. Suna cikin fayilolin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna, da Gidan Arewa a titin Rabah, wanda daga Unguwar Rimi kuɗin keke Napep ne kawai.