Na je hawan doki, aka miƙo mini shebur

Ni ɗan Damagaram ne, haifaffen Birni, amma shekara takwas ke nan ina zaune a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, garin da ƴan Nijar suka yi yawan da in ka shiga wani masallacin ran Juma'a sai ka rantse a Yamai kake. Aikina na mangaza ne, jidar kwalaye da dare. Amma ba labarin kwalaye na zo ba ku ba, labarin abin da nake yi ran Asabar ne.

Gidanmu gidan doki ne. Baba, Allah ya jiƙansa, ba basarake ba ne, fata yake saye yana sayarwa, amma ban taɓa buɗe ido na ga turkenmu ba doki ba. Ni ke jiƙa dusa da kanwa, ni ke kwance harawa, ni ke fita kilisa da la'asar. Ran hawan sallah kuwa, in aka ɗaura sirdi aka shimfiɗa jalala muka nufi ƙofar fada, ji nake duk Damagaram ba wanda ya kai ni. To kun ga mutumin da ya tashi haka, a ce ya shekara bakwai bai ji ko warin barga ba.

Wata abokiyar aikina ce ta gaji da zancen dokina lokacin hutu, ta ce akwai wata gona bayan gari inda ake ɗora yara masu lalura bisa dawaki don lafiyarsu, kuma kullum suna neman masu taimako kyauta. Ni dai "dawaki" da "kyauta" kawai kunnena ya ɗauka. Na ce a raina, shi ke nan, hawa ya samu ba ko dala.

Sai da na cika takardu, aka bincika ko ina da wani laifi wajen hukuma tunda aiki ne da yara, sannan aka kira mu horo na wuni guda. Da aka zo gabatar da kai na miƙe na ce ni tun ina shekara bakwai nake sukuwa, ƙasarmu doki gado ne. Malamar, wata dattijuwa mai furfura da takalmin roba, ta yi murmushi ta ce madalla, amma a nan masu taimako ba sa hawa. Ta miƙo mini shebur da baro. Asabar uku ina kwasar kashin doki cikin sanyin Janairu, sanyin da hunturunmu na gida ko ƙafarsa bai kama ba. Wallahi sau biyu ina cewa ba zan koma ba. Abin da ya riƙe ni, warin nan ne. Warin barga ɗaya ne ko'ina a duniya.

Ga yadda aikin yake. Yaro ɗaya, doki ɗaya, manya uku. Ɗaya na gaba riƙe da ragama, shi ruwansa doki kawai. Biyu na tafiya gefe da gefe, dama da hagu, kowa ya ɗora damtsensa bisa cinyar yaron ko ya riƙe idon sawunsa, su kuma ruwansu yaro kawai. Malama na tsakiyar fili tana ba da umarni. Ba yaron da zai hau ba hular kwano. Akwai wani dandamali mai gangare da aka gina, ana turo keken yaro har sama, a kawo doki ya tsaya jikinsa, a zaunar da shi a hankali. Darasi bai cika wuce minti 30 zuwa 45 ba, kuma kusan duka tafiya ce ta taku ɗai-ɗai.

Dawakin su ne suka fara ba ni mamaki. Mu abin alfaharinmu ingarma mai wuta, wanda in ka taɓa shi da ƙaimi zai tashi da ƙafar gaba, ka ja linzami ya yi zamiya ƙura ta turnuƙe. Nasu kuwa tsofaffi ne, dandaƙaƙƙu da goɗiyoyi, masu faɗin baya, masu sanyin rai kamar jakin mai ruwa. Da a kasuwar dabbobi ta gida ne ba mai taya su. Amma kafin a yarda da doki sai an yi makonni ana gwada shi: a jefa ƙwallo ta gabansa, a yi ihu kusa da kunnensa, a turo keken guragu jikinsa. Wanda ya razana a mai da shi inda ya fito. Akwai wani bidi da na fi shaƙuwa da shi, ya haura shekara ashirin, yaro zai ja gezarsa da iya ƙarfinsa, shi ko kunne ba zai kaɗa ba.

Na tambayi malamar, mene ne maganin a ciki? Ta ce in hau bayan bidin ba sirdi, in rufe ido, ta ja shi. Wannan ne hawana na farko kuma na ƙarshe a wurin. Ta ce me ƙugunka yake yi? Sai na lura da abin da na shekara ashirin ina yi ban taɓa lura ba: ƙugu na zuwa gaba da baya, yana karkata dama da hagu, yana ɗan juyawa, daidai yadda yake yi in mutum na tafiya da ƙafarsa. Doki na yin taku wajen ɗari a minti guda. Yaron da bai taɓa tafiya ba, in ya zauna rabin awa a kai, jikinsa ya sami wannan motsi sau dubbai, kuma kowane taku sai naman cikinsa da na bayansa sun yi aiki don kada ya kife. Ga ɗumin jikin dokin, wanda ya ɗan fi na mutum, yana sassauta cinyoyin da suka sanƙare. Shi ya sa wasu yaran ba a sa musu sirdi, sai ɗan bargo da maɗauri mai mariƙi.

Yaron da aka fara ba ni, ɗan shekara bakwai ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ni dai a raina Barde nake ce mishi. Lalurarsa ita ce wadda likitocinmu masu faransanci ke ce wa IMC, wato ƙwaƙwalwa ta sami rauni tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri, sai jiki ya ƙi bin umarninta. Ƙafafunsa a harɗe suke kamar almakashi, wuyansa na faɗowa gaba, magana da ƙyar. Amma hankalinsa garau, idonsa na bin komai.

Da shi na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Sati na shida aka ba ni ragama. Bidin na tafe kamar mai jin barci, ni kuma jinin Damagaram ya motsa, na ce yaron nan ai ya kamata ya ji daɗin doki. Na kaɗa harshe na ɗan fizgi ragamar. Dokin ya ƙara sauri taku uku kacal. Barde ya zame gefe guda, ba don matar da ke hagunsa ta tare shi da ƙirjinta ba da ya sauka. Malamar ta tsai da darasin. Ba ta ɗaga murya ba, ta jawo ni gefe ta ce: "Dokin nan ba naka ba ne, nasa ne. Sai ya ce a tafi ake tafiya." Na koma shebur sati biyu, kuma ban ga laifinta ba.

Sai daga baya na gane maganarta. Doki ba ya ɗaga ƙafa sai yaron ya ba da izini, da baki, ko da taɓa wuyan doki, ko da danna wani maɓalli mai magana. Wani lokaci mu manya uku da doki mu yi tsaye minti biyu cur muna jiran Barde ya haɗa kalma biyu na "mu tafi". Yaron da kullum ɗaukarsa ake, a ajiye shi, a juya shi, a ba shi abinci a baki, yau ga dabba mai kilo 500 ba ta motsi sai da faɗarsa. Kuma daga can sama shi ke kallon mutane ƙasa, ba su ke kallonsa ƙasa ba. Ranar da ya fara faɗin kalmar da ƙarfi har uwarsa ta jiyo daga bakin shinge, matar nan zama ta yi a ƙasa tana kuka.

Kada in yi muku ƙarya, doki bai warkar da Barde ba, kuma ba wanda ya ce zai warkar da shi. Shekara ɗaya da rabi yanzu, har yau a keke yake. Abin da na gani da idona: da sai mun tallafe bayansa, yanzu idon sawu kawai muke riƙewa, yana zaune da kansa, wuyansa a miƙe har a gama zagaye. Uwarsa ta ce yanzu yana iya zama a kujera a ci abinci da shi. Wanda bai yi jinyar irin yaran nan ba zai ce ɗan wannan? Wanda ya yi ya san girmansa.

Abin ba sabo ba ne wajensu. A bangon ofishin akwai hoton wata mata ƴar ƙasar Danmak, Lis Hartel. Shan inna ya kama ta a 1944, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa suka mutu, sai an ɗora ta bisa doki an sauke ta. Duk da haka ta ci lambar azurfa a wasannin Olamfik na Helsinki a 1952, ta sake ci a 1956. Labarinta na cikin abin da ya sa likitocin Turai suka mai da hankali kan doki. A 1969 aka kafa ƙungiyar wannan aiki a Ingila, aka kafa ta Amurka ma a shekarar, wadda yanzu ake kira PATH, ita ke ba malamai irin tamu takardar shaida.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, don ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ina da ƙane da ya rasu yana shekara goma sha ɗaya. Inna ta kwana biyu tana naƙudarsa a gida. Bai taɓa zama da kansa ba, ƙafafunsa a harɗe, wuyansa na faɗowa. Ranar da na fara ganin Barde sai da gabana ya faɗi. A lokacin wasu sun ce iska ce, wasu sun ce musanya aka yi, an sha rubutu an yi hayaƙi. Ɗakin Inna ne duniyarsa, bisa tabarma bayan ƙofa. Amma in dokin Baba ya yi haniniya sai ka ji yana ƙyalƙyala dariya daga ciki. Wata sallah, ina da shekara goma sha huɗu, an gama yi wa doki ado, abokaina na lakol sun cika zaure, sai ga shi ya jawo jiki da ƙirji har tsakar gida, ya nufo turke, yawu na zuba. Na sunkuce shi na mai da shi ɗaki na jawo ƙofa, don kada su gani. Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi. Duk Asabar in na ɗora hannuna bisa ƙafar Barde sai na ga wannan kallon.

Na san wani zai karanta wannan ya ce bari in ɗora nawa bisa dokin kawu. Don Allah a'a. Yayata ma da na tura mata bidiyo abin da ta fara cewa ke nan game da ɗan maƙwabciyarta, na ce Yaya ki rufa mini asiri. Ingarman sallah da ya saba da ƙaimi da linzami mai cin baki ba na wannan aiki ba ne. Kuma ba kowane yaro ya dace ba. A nan sai likita ya sa hannu. Mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba ba ya hawa, haka wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, su kuma masu tirizomi 21 sai an tabbatar gaɓar wuyansu ba ta da sako-sako. A fara kai yaro wajen kine, masu motsa jiki a asibiti, a ji ta bakinsu. In da wani kine a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa da abin ya ba shi sha'awa, ya yi magana a ƙasan rubutun nan, zan tura mishi duk abin da aka koya mana. Dawaki dai muna da su, masu haƙurin ma akwai, su ne waɗanda muke rainawa.

Watan jiya na kira Inna a WhatsApp, na daure na ba ta labarin aikin, har na kai ga zancen ranar sallar nan. Na ce Inna ki yafe mini, shi ba ya nan balle in roƙe shi. Ta yi shiru har na ɗauka rezo ne ya yanke. Can ta ce: "Kai ai barci kake. Malam in dare ya raba, gari ya yi tsit, yakan ɗauko shi ya hau da shi ba sirdi, ya jingina shi a ƙirjinsa, ni in riƙe ragama mu yi ta zagaya tsakar gida. Ran da aka yi haka ne kawai yake barci har safe."

Na kasa cewa komai. Ita kuma ta ce ruwan bana ya zubar da katangar bayan gida, in na sami hali in turo a gyara kafin wata damina.