Kifin tsoho da sanyin hunturu

A Gazawa, kusa da Gulbin Kaba, akwai wani tsoho mai garka. Bayan damina ya sayar da ayarsa, ya gina kwami na siminti dab da rijiya. Ya sayo ƴaƴan karfasa daga Maraɗi, ya zuba. Kuɗin ayar duka nan suka shiga. Jikansa, ɗan aji huɗu, shi ke ba su abinci safe da marece.

Da watan Disamba ya kama, hunturu ya buso. Kifin suka daina tasowa cin abinci. Wata safiya yaro ya iske bakwai sun juya ciki sama. Ya ruga gida da gudu.

«Kaka, sanyi na kashe su! Bari in dafa ruwa in zuba musu.»

«A'a, abokina, kada ka ƙarasa mini sauran,» in ji tsoho. «Wanda ya kwana cikin ɗari ba a jefa shi cikin tukunya.»

Tsoho yana da gaskiya. Kifi ba shi da ɗumin jiki irin na mutum ko na akuya. Yadda ruwa yake, haka jikinsa yake. In ruwan ya sauya farat ɗaya, kifin ya galabaita. Karfasa kuwa ƴar ƙasar zafi ce. Ta fi son ruwa mai digiri 27 zuwa 30. In ya sauka ƙasa da 20, sai ta rage ci. Wajen digiri 11 ko 12, mutuwa take yi. Ga shi ruwan kwamin bai wuce gwiwa ba, dare ɗaya ya isa ya sanyaya shi.

A lakwal yaro ya ba malaminsu labari. Malam ya nuna wa aji hoton wani kifi mai ja da fari da ake kira koi. Manoman yankin Nigata na ƙasar Japan ne suka fara kiwonsa. Can ƙanƙara ke rufe gonaki lokacin sanyi, don haka masu kiwo kan kwashe kifin daga tabkuna, su kai su ɗakuna masu ruwan ɗumi. A Ingila ma wasu na ɗuma kududdufin gidansu da wutar lantarki. Abin mamaki, koi ya fi karfasa jure sanyi nesa ba kusa ba, amma shi ke da ɗaki!

Garkar tsoho ba lantarki. Amma akwai rijiya. Duk wanda ya taɓa jan guga da asubar hunturu ya san ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa, don iskar dare ba ta kai gare shi can ƙasa. Sai suka ƙara ruwa har ya kai ƙugu, domin ruwa mai zurfi ba ya saurin hucewa. Suka kafa zana gefen gabas da arewa, inda iska ke fitowa. Da magariba su gitta itace bisa kwamin, su shimfiɗa tabarmin kaba, su bar ɗan wuri don kifi su sami iska. Da asuba yaro ya ɗebe guga biyar ya zuba wa albasa, ya mayar da na rijiya a hankali. In hantsi ya yi, tsoho ya yaye tabarmi rana ta shiga.

Abinci kuwa sai da azahar, shi ma kaɗan. Wannan ne ya fi yi wa yaro wuya, don gani yake yunwa ake bar su da ita. Amma abincin da ba su ci ba ruɓewa yake, ya ɓata ruwa.

Cikin wannan sati biyu suka ƙara mutuwa. Daga nan shiru. Hannun yaro ya tsattsage saboda igiyar guga, kakarsa na shafa masa man kaɗanya kowane dare.

Ƙarshen watan Fabrairu, wata rana da hantsi, ya watsa abinci don ya gwada. Ruwa ya ɗauki fal-fal-fal.

«Kaka, zo ka gani!»

Tsoho ya leƙa, ya naɗe tabarmi ɗaya, ya bar ɗaya, don daren bai gama ɗumi ba.