Kariya a tukunya, da sauran furannin tsakar gida

Manomin Kurmin Kogi ba ya buƙatar a koya masa yadda ake fitar da sabon tsiro daga jikin tsoho. A Makarfi da Kudan gaɓar rake ake binnewa ta tsiro, rogo da karansa ake dasa shi, tumatir kuwa sai an raini irinsa kafin a kai shi fadama. Duk da wannan sani, da wuya a shiga gida a yankin Ikara a tarar da fure a tukunya. Za a ga zogale, a ga lalle, wani lokaci gadali cikin tsohon kasko a bayan ɗaki, amma fure don ƙawa ana ɗaukarsa harkar 'yan boko ce ta Samaru. Wannan asara ce, domin ɗaya daga cikin furannin da ake rububinsu a duniya ɗan ƙasar nan ne.

Kariya ke nan, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum. Asalinta busassun yankunan Afirka ne da kudancin ƙasar Larabawa. Gindinta mai kauri ne, a nan take ajiye ruwa, kuma da rani, lokacin da ganyenta ya zube, sai ta ɓarke da fure ja-ja mai haske a tsakiya. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun daɗe suna haɗa irinta, sun fitar da launuka iri-iri, suna sayarwa ƙasashen Turai da Amurka. A nan kuwa mutum zai wuce ta a bakin shinge bai ko waiwaya ba.

Dasa ta ba wuya, sai dai wanda ya saba da rake zai iya kashe ta, domin rake danshi yake so tun ranar farko, ita kuwa danshin ne ajalinta. Ana yanko reshe mai ƙwari kamar tsawon taƙi ɗaya, a ajiye shi a inuwa na 'yan kwanaki har bakin yankan ya bushe, sannan a soka shi a ƙasa. Ƙasar ma ba laka ba: yashin rafi kashi biyu, takin da ya gama ruɓewa kashi ɗaya, a barbaɗa dakakken gawayi. Tukunyar ƙasa ta fi robar fenti, saboda jikinta na fitar da danshi, amma kowacce aka samu dole a huda gindinta. Wanda yake son gindin ya kumbura sosai, gara ya shuka ƙwayar, wadda ke fitowa cikin kwanso biyu masu kama da ƙaho. Reshe yana saurin fure, amma gindinsa ba ya kaiwa na ƙwaya kyau.

Akwai gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ruwan jikin kariya guba ne mai taɓa zuciya, har mafarauta a wasu sassan Afirka sun yi dafin kibiya da shi. A ɗora tukunyar inda yara da awaki ba sa kaiwa, a wanke hannu da wuƙa bayan yanka.

Bugenbiliya, mai hawa katangun gidaje a Zariya da Kaduna, daga Kudancin Amurka ta zo. Abin da ake gani ja ko shunayya kamar takarda ganye ne mai launi, ainihin furen ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Ita ma in aka cika mata ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi fure. Akwai kuma wani jan fure mai faɗi, ɗan'uwan yakuwa da rama, shi ne mai son sha kullum. Su biyun reshensu kan yi gardamar kamawa, don haka masu lambu ke kankare ɓawon reshen yana jikin uwar, su naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin leda, sai saiwa ta fito a yanke. Farkon damina, wajen Yuni, ya fi dacewa da wannan aiki.

Yankin Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne ke da kaso mafi tsoka. A watan nan ne tukwanen kariya ke ruɓewa, sai a ja su ƙarƙashin rumfa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busar da ganye tana lulluɓe shi da ƙura, sai a matsa da masu laushin ganye jikin katangar da ke tare iskar, a riƙa ba su ruwa da safe. Ruwan alwala ya wadatar da tukwane uku ko huɗu. Na wanki mai omo ne ke lalata ƙasa. Gara na shiga ta ramin gindin tukunya, don haka a ɗora ta kan bulo, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta sauro ya samu wurin ƙwai. In fararen ƙwarin nan masu kama da auduga suka manne a ƙasan ganye, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda.