Gidan Python ba wurin ajiyarka ba ne

Tun zamanin QBasic, wanda ya zo tare da MS-DOS 5.0 a 1991, nake ganin wannan ɗabi'a ga masu koyon rubuta furogiram: inda yaren yake zaune a kwamfuta, nan suke jibge aikinsu. A da C:\DOS ne. Da Python 2.7 ta fito a 2010, sai aka koma C:\Python27. Ban cika ganin laifin yaran ba. A lokacin, in ka tashi adana fayil a IDLE, ɗan editan da ke zuwa da Python, cikin foldar Python ɗin yake kai ka. Yaro ya sa suna ya danna, shi ke nan. Kafin shekara ta zagayo ka leƙa, ka tarar da gwaji.py, gwaji2.py da albashi.py jere kusa da python.exe.

Abin da ke sa barin ɗabi'ar wuya shi ne aikin yana tafiya. Python tana da jerin wuraren da take dubawa idan ka kira wani fayil da import, ana ce masa sys.path, kuma foldarta tana ciki. Duk abin da ka jefa can za ta gan shi, ko daga ina ka kira. Sai ranar da ɗalibi ya kwafi furogiram ɗinsa a filash ya kai wata kwamfuta, ImportError ya tare shi, ya dawo yana cewa, “Malam, wallahi a tawa yana yi.” Gaskiya ya faɗa. Rabin aikin ne ya bari a gida bai sani ba.

Ga kuma rikicin suna. Python kan fara neman fayil a foldar furogiram ɗin da ake gudanarwa kafin ta duba nata. In wani ya sa wa gwajinsa suna random.py, duk fayilolin da ke zaune tare da shi nasa za su ɗauka maimakon na asali, wani lokaci har IDLE ya ƙi tashi. Na ga malamai sun cire Python sun sake ɗorawa saboda wannan, matsalar tana nan daram, domin cirewar ba ta taɓa fayil ɗin da ba ita ta ajiye ba.

Babbar asarar tana zuwa ranar ƙaura. Wanda ya ajiye aikinsa a foldar Python kamar mai gina rumbu ne a gonar aro. A ranar 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2, a 2022 kuma Apple ya cire ta daga macOS 12.3. Mai gyaran kwamfuta in zai yi fomatin, Documents da Desktop yake kwashe maka. Bai taɓa tunanin akwai gumin mutum a C:\Python27 ba. Daga Python 3.5 ma foldar ta koma ƙarƙashin AppData, wadda Windows ke ɓoyewa, ko mai kwamfutar sai ya sha nema.

Abin da nake gaya wa jikokina a sana'ar ba shi da yawa. Ka buɗe folda taka, kowane aiki da ɗakinsa. Ka yi masa venv, wanda ya shigo tun Python 3.3 a 2012, domin abin da za ka ɗora da pip, mai ɗora wa Python ƙarin kaya, ya tsaya nan. Ka rubuta sunayen abubuwan da ka ɗora a requirements.txt, ka sa aikin a Git.

Masu tsarin kwamfuta na Debian kam sun gaji da roƙon mutane su bar gidan Python. Daga Debian 12 na 2023, pip ba ya yarda ya ɗora komai a Python ɗin tsarin. Sun bar ƙofa ɗaya, --break-system-packages, kuma ina ganin samari suna kwafo ta daga intanet su liƙa ba tare da sun karanta abin da sunan yake faɗa ba.