Mu Ma Mun Riƙe Sarƙa: Tunawa Da Samarin Bakin Kogi Na Kudenda

A watan da ya gabata na haye kogin Kaduna zuwa Kudenda domin ta'aziyyar abokina na ƙuruciya, Bitrus, wanda sa'o'inmu suka fi sani da Santana. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, mu dattawa aka ware mana gefe guda. Kamar yadda aka saba a irin wannan zama, bayan an gama jajanta wa juna sai hira ta gangara kan yaran zamani: 'yan sara-suka, 'yan shara, masu ƙwacen waya da masu shan ƙwaya. Wani daga cikinmu ya doka sandarsa a ƙasa ya ce, "Mu a zamaninmu wa ya isa ya yi haka?" Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, har sai da idona ya faɗa kan wani dattijo da ke zaune a ƙarshen layi, sanye da baƙin tabarau duk da cewa rana ta kusa faɗuwa. Na san abin da tabaran nan ke rufewa, domin ina wurin a daren da ya rasa idonsa na hagu, kuma da sarƙar keke a hannuna.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tun da na dawo gida maganar take ci mini rai, shi ya sa na ga ya dace in faɗa wa masu karatu, musamman ɗalibai, irin samarin da muka kasance, da kuma abin da ya fitar da mu daga wannan hali.

A tsakiyar shekarun 1970 Kudenda ƙauyen Gbagyi ne da birni ya fara haɗiyewa. Abin da ya jawo iyayenmu can shi ne arahar ɗakin haya da kusanci da masaƙun Kakuri. Tun 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa tare da wani kamfanin Ingila, daga baya Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri. Da asuba sai ka ga jerin kekuna na masu aikin safe suna fita, masu aikin dare suna shigowa da farin ƙurar auduga a girarsu. A gidan da muka yi haya akwai Bakatsine, wato mahaifina, akwai Bajju, akwai Tibi, akwai Bayarabe, akwai Ibo da ya dawo bayan yaƙin basasa. Rijiya ɗaya muke ja, kuma Hausa ce harshen tsakar gida.

Kiɗan ya shigo mana ne ta dalilin kuɗin Udoji. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi a 1975, har da bashin watannin baya, yayan Bitrus ya sayo na'urar juya faifai mai lasifika biyu. A ɗakinsa na fara jin jitar Jimi Hendrix, wanda a lokacin ya shekara biyar da mutuwa amma mu ba mu sani ba, da ta Carlos Santana, wanda Bitrus ya ari sunansa har ya mutu da shi. Mun tashi da Shata da Ɗan Maraya a Rediyon Kaduna, kuma ba mu taɓa raina su ba, sai dai waɗancan na iyayenmu ne. Wannan kiɗa na rok mai kururuwa, wanda uwata take cewa kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi, shi muka ɗauka namu. Ba ma jin rabin Turancin da ke ciki, kuma hakan bai dame mu ba.

Faifan da ya fi rikita mu shi ne na ƙungiyar Ofege mai suna Try and Love, wanda ya fito a 1973, saboda mun ji cewa masu kiɗan 'yan makarantar sakandare ne ta St. Gregory's a Legas, wato sa'o'inmu. Akwai BLO, akwai Funkees, a nan Kaduna kuma akwai Elcados, ga Bala Miller da ke waƙa da Hausa a kan kayan kiɗan Turawa a Costain Club. Ba mu da shekarun shiga irin waɗannan wurare, ba mu da kuɗin ƙofa, don haka mukan tafi mu jingina da katanga daga waje mu saurara, sannan mu dawo gida cikin dare mu sha duka. Bitrus ya haɗa jitarsa ta farko da galan na man girki da katako da wayar birkin keke. Ni na ɗauki ganga, wato bokiti biyu da murfin tukunya.

Mu goma sha ɗaya ne, babbanmu bai wuce shekara goma sha takwas ba. Mutanen unguwa suna kiranmu samarin bakin kogi, domin a ƙarƙashin wani mangwaro da ke gangaren ruwa muke taruwa. Muna da kamanninmu: tarin suma da mataji a soke, riga mai matse jiki, wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ke sharar ƙasa, da takalmi mai tudu wanda mutum biyu ko uku kan yi karo-karo su saya suna sawa bi da bi. Kowa da sunan da ya aro daga faifai ko daga fim ɗin kaboyi. Ni Handiris ake ce mini. A cikinmu akwai Musulmi shida da Kirista biyar, kuma ban tuna ranar da wani ya ƙirga hakan ba, sai yanzu da nake rubutu. Ranar Sallah Bitrus a gidanmu yake cin tuwo, ranar Kirsimeti ni nake ɗaukar masa lasifika.

Zuwa nan labarin yana da daɗin ji, kuma nan ne tsofaffi irina suka fi son tsayawa. Amma gaskiyar ita ce muna da iyaka da muka shata wa unguwa, kuma duk saurayin da ya ƙetaro ta daga Nasarawa ko Kakuri domin zance sai ya biya mu kuɗin batir ko ya koma da jini. Muna satar kaji da rake. Wasunmu suna shan wiwi a bakin ruwa. Mun taɓa tare wani ɗan makaranta muka tuɓe masa takalmi, ya tafi gida da ƙafa a ƙasa yana kuka, mu kuwa muna dariya. Sarƙar keke da muke naɗawa a ƙugu a matsayin ado, kowa ya san amfaninta na gaskiya.

Daren Kirsimeti na 1978 muka shirya rawa a wani fili. Samarin Nasarawa suka zo, wani daga cikinsu da ake kira Jango ya nemi a sa masa faifan da yake so, aka hana, aka yi ja-in-ja, faifan Ofege ya faɗi ya rabe biyu. Wani ya kashe fitila. Abin da ya biyo baya bai kai minti biyar ba. Mu uku ne muka warware sarƙa a cikin duhun nan, ni da Bitrus da wani da ya riga mu gidan gaskiya tun tuni, kuma har yau babu wanda ya san ta wane ce ta sami Jango a fuska. Na sha gaya wa kaina cewa ba tawa ba ce. Ba ni da hujja ko ɗaya a kan haka.

Kashegari mai unguwa ya tara iyayenmu da na Jango, da limamin masallacinmu da faston cocin su Bitrus. Aka zane mu a gaban jama'a, aka aske mana sumar da muka shekara biyu muna tarawa, aka yanke cewa gidaje uku za su biya kuɗin asibiti. Mahaifina ya sayar da kekensa, ya yi wata huɗu yana zuwa Kakuri a ƙasa. Bai taɓa yi mini gori ba. Magana ɗaya ya yi mini, a daren da ya dawo daga dubo yaron: "Kai, hannun da ya iya juya sarƙa ya isa juya mashin." Kafin damina ta sauka ya kai ni wajen shugaban sashensu, aka ɗauke ni a matsayin mai koyon aiki. Yayan Bitrus ya yi masa haka. Da Jango ya warke, mahaifina ne ya riƙe hannunsa ya kai shi ƙofar masaƙa, domin a ganinsa wannan bashi ne a wuyan gidanmu. Cikin shekara guda babu ko mutum ɗaya da ya rage a ƙarƙashin mangwaron nan. Wasu sun shiga masaƙa, biyu sun shiga soja, ɗaya ya tafi kwalejin horon malamai. Ni da albashina na yi karatun yamma a Kaduna Polytechnic.

A nan ne nake son mai karatu ya tsaya ya yi nazari tare da ni. Mun saba cewa tarbiyya ce ta cece mu, kuma lalle bulalar mai unguwa ta yi aikinta. Amma bulala ana yi wa yaran yau, har da abin da ya fi bulala. Abin da iyayenmu suke da shi, wanda mu ba mu da shi a yau, shi ne wurin da za su kai yaro washegarin ranar da aka hukunta shi. Maganar uba tana da nauyi saboda a bayanta akwai ƙofar da yake iya buɗewa. Yaron da ya tashi ƙarfe biyar na asuba, ya tsaya awa takwas a gaban mashin, ya karɓi albashi a ƙarshen wata har ya fara tunanin aure, ba shi da sauran ƙarfin tare hanya da dare, kuma yana da abin da yake tsoron rasawa.

Waɗannan ƙofofi sun rufe a kan idonmu. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, sauran ma suka bi sahu, saboda matsalar wutar lantarki da tsadar man injuna da kwararowar atamfofin waje ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya bi ta Kakuri yau zai ga ciyawa ta fito a inda dubban mutane suke ajiye kekuna. Jikokin waɗancan ma'aikata su ne muke zama a rumfar makoki muna tsine wa. Sun gaji zafin jininmu, sun sami wuƙa da adda a maimakon sarƙa, sun sami kodin da tiramol a maimakon wiwi, kuma babu masaƙar da ke jiransu.

Akwai abu na biyu da muka rasa. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun mayar da kogin Kaduna iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. A na farkon ne na kwashe iyalina daga Kudenda muka koma Rigasa, kuma Bitrus ne ya ɗauko mana kaya a motar maƙwabcinsa. Mu da muka yi rashin ji tare, aƙalla mun san sunan iyayen juna. Yaron da ya tashi a Rigasa yau yana iya kai shekara ashirin bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, haka na Kudenda bai taɓa kwana a gidan Musulmi ba. Idan irin wannan taro na matasa ya sami mai ba shi kuɗi a lokacin zaɓe ko lokacin fitina, ɓarnarsa ta wuce ta ido ɗaya. Ba ina wanke masu sara da suka ba ne. Wanda ya zubar da jini a hukunta shi, kamar yadda ya kamata a ce an hukunta mu fiye da yadda aka yi. Ina tambaya ne kawai: bayan hukuncin, ina za mu kai shi?

Da na tashi tafiya, matar marigayin ta fito da wani kwali ta ce, "Baban Hadiza, ya ce in ka zo a ba ka." Faifai ne guda tara, bangonsu ya ci, babu ma na'urar da zan juya su a kai. Ina riƙe da kwalin sai dattijon nan mai tabarau ya taso ya miƙo mini hannu. Shekara ashirin da biyu suka yi da Bitrus a sashe ɗaya, in ji shi, kuma shi ya zauna da shi a asibiti a kwanakinsa na ƙarshe.

"Handiris," ya ce, "ka tsufa."

Na ce, "Malam Iliya, akwai maganar da ban taɓa yi maka ba."

Ya ce, "Bar ta. Baba ya riga ya yi ta tun ranar da ya kai ni Kakuri. Allah Ya jiƙansa." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya rage murya. Yana da jika ɗan shekara goma sha bakwai, ya gama sakandare, ya fara kwana a waje, an ga wuƙa a ƙarƙashin katifarsa. "In kana da wanda zai riƙe shi a wajen sana'a, ka taimaka mini."

Ina da ƙane mai walda a Tsohuwar Panteka. Yau mako uku ke nan yaron yana haye kogi kowace safiya, kuma ƙanena ya ce hannunsa yana da kyau, sai dai bakinsa ya yi yawa. Na ce ya yi haƙuri da shi, domin haka aka faɗa a kaina a 1979. Ban iya buɗe masaƙa ba, wannan aikin hukuma ne da masu dukiya, kuma ya kamata mu ci gaba da tuna musu. Amma kowane ɗaya daga cikin dattawan da suka gyaɗa kai a rumfar nan ya san wani kafinta ko makaniki ko tela, kuma ya san wani yaro a layinsu da ya fara kwana a waje. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya yafe mana abin da muka aikata a ƙuruciya.