Haruffan Boko a Japan da a Ƙasar Hausa

Bahaushen da ya sauka a Japan yakan yi saurin sabawa da romaji, wato Japananci da aka rubuta da haruffan boko. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kuma furucinsu bai yi nisa da namu ba. Sai ka ga baƙon da ko mako bai cika ba yana karanta sunayen tashoshin jirgin ƙasa tiryan-tiryan, Shinjuku, Ikebukuro, Ueno, alhali Bature na kusa da shi yana ta lanƙwasa harshe.

Sai dai daɗin ba ya nisa. Allon tasha yana ɗauke da rubutun Japanawa na kansu, wato kanji manya-manya da hiragana, sannan romaji a ƙasa domin baƙi. Da zarar ka koma masauki ka tarar da wasiƙar ofishin gunduma a akwati, ko ka ɗauki kwalin magani, to ba boko ba dalilinsa. Jarida, littafi, takardar hayar gida, duk da kanji da kana, wato su hiragana, ake rubuta su. Yaro yakan koyi kanji 1,026 kafin ya gama firamare, jerin da gwamnati ta tsayar don amfanin yau da kullum kuwa 2,136 ne. Romaji sai a aji uku ake koya masa, bayan hannunsa ya riga ya zauna a kan nasu rubutun. Shi ya sa malaman Japananci ke matsa wa baƙi su yar da romaji tun makonnin farko, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin wanda ya jingina da shi zai yi shekaru yana magana amma bai iya karanta takardar kuɗin wuta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikinsa a kwamfuta. Na sha tsayawa bayan wata abokiyar aikina tana bugawa. Yatsunta haruffan boko suke dannawa, ta buga h-a-s-h-i, allon ya mayar da shi hiragana nan take, ta danna dogon maɓalli sai jerin kanji na ma'anonin hashi ya sauko: gada, tsinken cin abinci, gefe. Ta zaɓi wanda take nufi ta wuce. Bokon ya gama aikinsa ya ɓace, ko harafi ɗaya bai saura a takardar ba.

Ba wai ba a taɓa yunƙurin ɗora shi a kan karaga ba. James Curtis Hepburn, likitan mishan ɗan Amurka, ya fitar da ƙamusunsa mai rubuta Japananci da haruffan boko a 1867. A 1885 masanin kimiyya Tanakadate Aikitsu ya tsara nasa salon da niyyar a daina kanji baki ɗaya. A 1946, lokacin da Amurka ke riƙe da ƙasar, tawagar masana iliminta ta ba da shawarar a koma boko. Japanawa suka rage yawan kanji, suka sauƙaƙa siffar wasu, amma suka riƙe abinsu.

Mu kuwa tamu ta sha bamban. Turawa sun same mu da ajami, da shi malamai suke wa'azi da waƙa, da shi fatake suke wasiƙa. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin rubutun boko, makaranta da ofis suka ɗauka, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939 ta ƙara masa gindin zama. Ba na raina boko, da shi nake wannan rubutu, kuma ya kai karatu lunguna da yawa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka bar ajami a tsangaya kaɗai, ga shi kuwa yana bambanta dogon wasali da gajere, abin da bokonmu ba ya yi. Miliyoyin mutane suna karanta shi, amma a takardun hukuma jahilai ake lissafa su. A 2007 aka cire ajami daga takardun naira biyar zuwa hamsin, a 2014 kuma sabuwar naira ɗari ta fito babu shi, ga tsofaffin kasuwa da yawa da shi kaɗai suka iya karantawa a jikin kuɗin.